Hawa na Biyu Babu Bango

A ofishin zanen gine-gine na yayanta, kowa Malama yake ce mata, domin rabin masu zama a teburan nan ita ta koya musu jan layi. Da ofishin ya koma sabuwar manhaja, wadda ake tayar da gini sukutum a cikinta maimakon a zana shi, sai aka kawo mai koyarwa. Malama ta zauna a sahun gaba, ta harɗe hannu. Duk sanda ya tambaya ko an gane, ita ke fara gyaɗa kai.

Ba ta gane ba. Ta dai ji abin da ya ce: a nan bango ba layi ba ne, abu ne mai tsayi da kauri, in ka matsar da shi a wuri guda sai ya matsa a kowane zane. Amma da ta zauna ita kaɗai, bangonta na farko ya ƙi haɗuwa da na biyu, ƙofa ta ƙi zama. Dogo, tsohon ɗalibinta da ke teburin kusa, ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ta ce masa tun yana rarrafe take zane, ya ji da abin da ke gabansa.

Aikin farko asibitin wani likita ne, hawa biyu. Yaya ya ba Dogo ƙasa, ya ba ta sama. A mota ya gaya mata cewa in wannan ya yi kyau, ita za ta ci gaba da riƙe sashen zane. In bai yi ba, ba shi da bakin kare ta a gaban abokan aikinsa.

A wani lungu na manhajar ta gano abin da ke jan layi zalla, irin na da. Hannunta ya saki. Ta ja ɗakunan jinya, ta ja baranda, ta ja tagogi, komai tsaf. Da aka buga a takarda, Yaya ya ɗaga ta sama yana cewa tsohon hannu daban ne. Malama ta yi murmushi. Ta yi ta gaya wa kanta za ta sake aikin da bango na gaske kafin kowa ya lura.

Ranar da likitan ya zo, ya duba takardu ya yaba, sannan ya ce an gaya masa ana iya shiga cikin ginin a kwamfuta. Aka kunna majigi. Dogo ya shige da su ta ƙofar gaba, suka wuce wurin karɓar baƙi da ɗakin magani, har ana ganin hasken taga a kan tayil. Likita ya ce a hau sama. Dogo ya ɗan yi jim, sannan ya hau matakala.

Sama fili ne fetal. Daɓe shimfiɗe, rufi yana lilo a iska, babu ko bulo ɗaya tsakaninsu.

"To, a nan marasa lafiyar za su riƙa shan iska ke nan?" in ji likitan, yana dariya.

Yaya ya dubi takarda, ya dubi majigi. Kafin ya buɗe baki Dogo ya ce laifinsa ne, bai haɗa aikin saman da na ƙasa ba. Yaya ya wanke shi tas a gaban baƙo. Malama na zaune, idonta a kan gefen tebur.

Bayan an watse, ta sami Dogo yana naɗe wayar majigi. Ta tambaye shi dalilin yin ƙaryar.

"Malama, ginin ɗaya ne, duk muna cikinsa. Abin da kika sa ina gani daga teburina."

"Tun yaushe?"

"Tun layin farko."

Ta wuce ofishin Yaya ba ta ko ƙwanƙwasa ba, ta ce masa Dogo bai yi komai ba, ita ce ta ja layuka maimakon bango, kuma sashen a ba Dogo. Yaya ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Bai yi mata musu ba.

Da ta fito, ta kama kujerarta ta ja ta a kan daɓe. Ƙarar ta sa kowa ya ɗago kai. Ta ajiye ta gefen ta Dogo, ta zauna.

"Daga ina ake fara bango?"

Dogo ya yunƙura zai tashi ya ba ta wurinsa. Ta ce ya zauna, nan ma ya ishe ta.