Shafin da Murray Ya Rasa

Duk garin Ardlaw an san Murray Tolhurst da abu biyu: tumakinsa dubu uku, da tsanar da yake yi wa fim ɗin nan. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce 'yan fim suka mamaye kwarin da manyan motoci, suka ɗauki labarin littafin da Murray yake ƙauna tun yana ɗan makaranta, mujalladi uku cike da dodanni da sarakunan duwatsu. Gari kaf ya shiga. Mai gidan mai ya zama dodo, limamin coci ma an liƙa masa gemun roba. Murray kaɗai ya ƙi. Matarsa, marigayiya Noeline, ta tafi abinta, aka ba ta kwando ta riƙe a cikin taro, shi kuwa ya yi kwana biyu yana gaba da ita.

Tun daga nan, duk lokacin sanyi sai ya sake karance littafin, duk Juma'a kuma sai ya dame mutane da wa'azi a mashaya.

"Ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba," in ji shi. "A littafi dokin baƙi ne, na ji sun mai da shi fari. Mutanen banza!"

In aka ja da shi sai ya fito da babban makaminsa, wato wurin da sarauniya ta cire kambinta ta ajiye kan dutse ta yi wa makiyayi magana. Ya haddace shi tsaf. "Wannan fa shi ne rubutu," sai ya ce, yana dukan tebur. Ba mai musu, don ba wanda ya taɓa wuce shafi na arba'in a littafin. Yawanci ma tokare ƙofa suke yi da shi.

Sai ga 'yarsa tilo, Kirsty, ta kawo mijin aure. Tamati sunansa, aikinsa kwasar 'yan yawon buɗe ido a bas yana nuna musu duwatsun da aka ɗauki fim. Murray ya laƙaba masa "mai tallan duwatsu".

"Baba, ranar bikin kai za ka yi mana karatu," Kirsty ta ce. "Maganar sarauniyar nan. Daga littafinka, da hannunka."

Murray ya hura hanci. Ga dama ta samu, zai nuna wa surukin nasa bambancin littafi da wasan yara a gaban mutum ɗari da hamsin.

Saura mako guda ya ɗauko mujalladi na uku don ya sa alama. Ya buɗe inda yake zato, babu. Ya koma baya, ya yi gaba, babu. Ya bar tumaki da karnuka, ya zauna kwana huɗu yana bin layi da yatsa tun daga mujalladi na ɗaya. Ga sarauniya, ga makiyayi, amma marubucin nan da yake yabo kamar waliyyi, abin da ya rubuta kawai shi ne ta ba makiyayin awaki biyu ta sallame shi. Awaki biyu! Shekara da shekaru yana isowa shafin, idonsa na wucewa, kansa na cike gurbin da abin da ya fi so.

Ya san inda ya samo maganar. A rumfar askin tumaki, bayan kwalaben maganin tsutsa, akwai tsohuwar talabijin da kaset ɗaya, na fim ɗin nan, wanda yake kallo a ɓoye. In gari ya ji, ya gama yawo a mashaya.

Ranar biki aka share rumfar askin kamar yadda aka saba, aka jera dammunan ciyawa a matsayin kujeru, ƙamshin gasasshen rago da dankali ya danne warin ulu. Murray ya miƙe cikin kwat ɗin da ta matse shi. Ya buɗe littafin a inda ya ga dama, ya kafa wa shafin ido kamar mai karatu.

"Na gaji da mulkin duwatsu," ya fara. Sai ya yi shiru, ya ja numfashi, ya kau da kai hagu. "Matsa mini in zauna kusa da wutarka."

Kafin ya kai jimla ta uku rumfar ta ɗauka. Ai dole su iya, sun yini a tsaye cikin sanyi suna jin 'yar wasan tana maimaitawa sau arba'in. Limami na yi, mai gidan mai na yi, wata tsohuwa har da kiɗan take rerawa ta hanci.

Da aka gama, yayarsa Raewyn, wadda ba ta iya raɗa ba, ta ɗaga murya daga layin gaba.

"Kai Murray, ashe har kau da kan ma a littafin aka rubuta?"

Aka tuntsire da dariya. Ango ya matso da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Baba, shafi na nawa ne? Ni fa duk shekara sai na karanta littafin saboda baƙi, ban taɓa cin karo da shi ba. Ko naku bugun manoma ne?"

Murray ya yi tsamo-tsamo. Ya dubi shafin da ke gabansa, ashe jerin sunayen kakannin wani dodo ne. Ya rufe littafin.

"Babu shi," ya ce. "Awaki biyu ta ba shi."

Dariya ta ƙaru, wani daga baya ya yi kukan akuya. Kunya ta hana shi ɗaga ido, har sai da Kirsty ta zo ta karɓe littafin ta ajiye kan damin ciyawa.

"Na sani, Baba. Tun ina 'yar sha biyar na ga kaset ɗin. Duk sanda na saka, a wuri ɗaya nake tarar da shi."

Ta juya ga jama'a.

"A fim ɗin, in sarauniya ta kau da kai hagu, wa ake nunawa?"

Duk wanda ya yini a sanyin ranar nan ya tuna Noeline da kwandonta.

"Daƙiƙa uku ce kacal," Murray ya ce. "Kuma ta riƙe kwandon a karkace. Na gaya mata ba ta iya ba."

"Shi ya sa na ce ka karanta," in ji Kirsty. "Ina so Mama ta zo bikina."