Kabarin Harira a Bakin Kwari

Duk wanda ya taɓa rakiyar gawa maƙabartar da ke bayan Mando ya san Lawan mai haƙar kabari, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne, busasshe, ga taurin kan tsiya. Ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina tun da sauran ƙarfinsa, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, rairayi ya cinye gonar ubansa. Abubuwa biyu yake taƙama da su a duniya. Na farko, kabarin da ya haƙa bai taɓa ruftawa ba. Na biyu, in ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce yau ba ruwa, to mace ta shanya garinta ta tafi unguwa.

Matarsa Harira tana kwance a can ƙarshen maƙabartar. Shi ya zaɓa mata wurin da kansa, a gindin wata ɗinya, kusa da ɗan rafin da akuya ke tsallakewa ba ta jiƙa ƙafa ba. To amma damina ta sake hali. Sai a yi makonni sama ta ƙi zubar da ko ɗigo, rana guda kuma ta juye ruwan wata ɗaya tsakanin azahar da la'asar. Rafin ya buɗe baki ya zama kwari mai zurfin ɗaki. Ya haɗiye ɗinyar har saiwoyinta, ya ci gaba da gutsurar ƙasa, har abin da ya rage tsakanin bakinsa da kabarin Harira bai kai tsawon tabarma ba.

Lawan ya kai kukansa wurin Malam Tijjani, limamin da ke yi wa gawarwakin unguwar salla. Malam ya ce lalura ta halatta a sauya mata makwanci, amma a jira damina ta ɗauke, don buɗe kabari a ƙarƙashin hadari ya fi barinsa muni. Haka Lawan ya ga daminar nan kamar shekara goma. Ya jera buhunan yashi, ruwa ya tafi da su. Ya kafa turaku, da safe ya tarar babu ko ɗaya. Tsoro ya hana shi cin abinci, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Da kaka ta kama, raɓa ta fara sauka da nauyi, dawa ta sunkuyar da kai, Lawan ya ce damina ta ɗauke. Ya haƙa sabon kabari a kan tudu, can kusa da ƙofa, ya aika wa Uwani cewa yana son tukwane.

A wannan maƙabarta ba a rufe ramin ciki da itace, don itacen ya yi wuya. Tukwane ake rabawa biyu a kifa a kan mamaci, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tara tudu. Uwani ke gina tukwanen. Tsohuwa ce 'yar Gbagyi, wadda kakanninta suka noma wannan fili tun Kaduna ba ta zama gari ba, kuma ƙawar Harira ce ta ƙut-da-ƙut. Ta iso da hantsi, kayanta a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗauka, ta tsaya a bakin ƙofa, tunda mata ba sa shiga.

"Malam Lawan, ƙwanƙwasa ka ji," in ji ta.

Ya buga wa tukunya ɗaya ɗan yatsa. Ta yi ƙara garau kamar ƙarfe.

"Waɗannan ragowar yumɓun uwata ne, na ramin da ke bakin rafi. Ambaliya ta binne ramin nan da yashi, ba mai sake ganinsa. Na ɓoye su ne don ranar kaina, amma Harira ta fi ni buƙata." Ta sauke numfashi. "Waɗanda ka rufe ta da su kuwa na sabon rami ne. Lokacin ban san halin ƙasar ba. Yanzu na sani. Tulun da na gina da ita ya narke mini a tsakar gida."

"Kabarin da na haƙa bai ruftawa, Uwani."

"Ba hannunka nake zargi ba. Kuma in za ka ji tawa, kar ka buɗe yau. Kwaɗi ba su yi shiru ba. Tururuwa na kwashe ƙwai suna hawa bango."

Lawan ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka taɓa masa sana'a. Ya nuna gabas da haɓa, inda sama take fes.

"Dubi can. Ta nan ruwa ka zuwa tun zamanin kakanni. Ko kin taɓa jin an yi ruwa bayan dawa ta sunkuya?"

Ita kuma ta nuna yamma. Wani ɗan baƙin gajimare ya kwanta a can ƙasa-ƙasa, ta wajen hanyar Birnin Gwari.

"Hadarin yamma?" Lawan ya yi tsaki. "Wanga ai burga ce. Ya yi ta ruri, ya watse."

"Da haka ne," in ji Uwani. "Mu ma duk abin da iyayenmu suka koya mana na sama da ƙasa, bana ƙarya yake yi mana." Ta zauna a kan dutse a bakin ƙofar, ta ce ba inda za ta sai an gama.

Malam Tijjani ya zo ya duba sabon kabarin, ya yaba. Ya ce za shi ya taho da sabon likkafani da makara da mutanen da za su kama, bayan an sauko daga azahar.

"Kar ka taɓa komai sai mun dawo, Malam Lawan."

"Allah gafarta Malam, ƙasar sama kawai zan rage, don aiki ya yi sauri. In na kai ga tukwane sai in tsaya."

Malam ya dubi yamma, ya dube shi, ya juya ya tafi. Wa zai koya wa Lawan karatun sama?

Lawan ya ɗauki shebur ya gangara ƙarshen maƙabarta. Ya yi wa Harira sallama kamar yadda ya saba, ya gaya mata yau za ta koma tudu. Ya fara kwashe ƙasa a hankali, yana zubawa cikin kwarin. Rana ta yi wani irin zafi mai ɗanko, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Tsuntsayen da ke damunsa da kuka kullum yau babu ko ɗaya. Ya lura da haka, amma ya ci gaba da aiki.

Da ya kusa ramin ciki sai ya ajiye shebur ya koma sa hannu. Yatsunsa suka taɓa bayan tukunya ta farko. Ya shafa don ya share ƙasar da ke kai, sai hannunsa ya nutse. Tukunyar ta marmashe kamar jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli, ta zube ciki. Ya kai hannu ya tare ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ashe ba su ke riƙe da ƙasar ba, ƙasar ce ke riƙe da su. Ta kafar da ta buɗe ya hango gefen likkafani, ya koma launin ƙasa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa.

A daidai lokacin wata iska mai sanyi ta bugi ƙeyarsa, daga yamma. Ya waiwaya. Gajimaren da ya raina ya tashi tsaye ya rufe rabin sama, baƙi wuluk, kuma ba ya ruri ko kaɗan, tahowa kawai yake yi. Daga masallatan Mando aka fara kiran azahar. Malam da mutanensa yanzu ma suke alwala.

Ya dubi tudu. Tukwanen kirki suna can bakin ƙofa, nesa, kuma in ya tafi ɗauko su ya bar ta a buɗe. Ya dubi ƙasar da zai mayar, ya tuna da hannunsa ya zubar da ita cikin kwari. Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannunsa, mai girma, mai ɗumi.

"Uwani!" ya ƙwala kira. "Uwani, tukwane!"

Ruwan ya sauko gaba ɗaya kamar an tuntsurar da randa. Nan da nan ƙasa ta ƙoshi, jan ruwa ya fara gangarowa daga tudu ta tsakanin kaburbura, yana neman hanyarsa ta zuwa kwari, hanyar kuwa ta kan Harira ta bi. Lawan ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan ramin, ruwa ya danna ta ciki. Sai ya kwanta rubda ciki a kan kafar, ya baza hannuwa, ya toshe da ƙirjinsa.

Ta cikin ruwan ya hango Uwani. Ta keta ƙofar da mace ba ta taɓa ketawa ba, tukunya a kafaɗa, tana zamewa tana tashi, tana kiran sunan ƙawarta. Tana da nisa sosai.

Kwarin ya cika ya fara ruri a bayansa. Lawan ya kwantar da kuncinsa a kan laka, daidai inda ya san kanta yake.

"Ki yi haƙuri, Harira," ya ce. "Ni na buɗe. Na ce ba a ruwa."

Ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ta tsage, ta fara zamewa baya. Uwani tana ihu, tana ce masa ya tashi. Ya ji ta sarai, ya ƙara nutsa yatsunsa cikin bakin kabarin.