Jiƙaƙƙun Tsallake a Taron Kasafi

Kowace shekara sai rafi ya cika ya batse ake kiran taron kasafin gunduma, a rumfar haikali, inda jama'a ke ɗaga hannu su zaɓi aikin da za a yi musu. Haikalin yana wannan gefen, mutanen tsallake suna wancan. Abin da tsallake ke so bai wuce gada ba, amma mai son gada ba ya iya zuwa ya ce yana so, don babu gadar da zai bi. Da haka aka yi wa haikali ƙofa mai ado, aka shafe katangar ofis da fenti har sau biyu.

Ming Sophal, mai sayar da taliyar shinkafa a tsallake, ita ce abin ya fi ci wa rai. Bara ruwa ya hana a kai mijinta asibiti, ya cika a hannunta tana kallon rufin asibitin daga nesa. Da ta je ta yi ƙorafi, shugaban gunduma Vuthy ya ce mata cikin ladabi, "Ming, ai mutanenku ne ba sa zuwa taro. Wanda bai zo ba, bai damu ba."

Ta juya ta tafi, amma maganar ta zauna mata a rai.

Ranar taron bana ta bi gida-gida tun da hantsi. Al'adar tsallake ita ce mutum ya ƙunshe busassun kaya a gyale ya ɗora a ka, in ya haye ya sake a bayan kara, kada a gan shi a wulaƙance gaban sufayen haikalin. Ming Sophal ta ce yau ba mai sakewa.

"Haka za mu shiga muna ɗiga kamar kifin da aka tsamo?" in ji wani dattijo.

"Kai da gashinka ya ƙare, me ya rage maka na kunya? Kama igiya mu tafi."

Ruwan ya kai ƙirji, yana ja. Suka haye a jere, ita ce a ƙarshe, goye da wata tsohuwa da ba ta fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba.

Vuthy na tsaka da bayanin amfanin sabuwar fitila a bakin kasuwa suka shigo. Suka durƙusa suka gai da sufaye yadda ya kamata, suka zauna. Ruwa ya bi tabarma, ya jiƙa wa manyan gari gindin wando, kowa ya shiga gyara zama. Babban sufi ya duba, ya yi murmushi, bai ce a tashe su ba.

"Ming, da kun sake kaya ai..." Vuthy ya fara.

"Ranka ya daɗe, cewa ka yi ba ma zuwa. Mun zo da shaidar hanya, don kada a ce ba a gani ba."

Sannan ta sauke tsohuwar da ke bayanta. Yeay Phan ce, mahaifiyar Vuthy, wadda ta ƙi barin gidanta na tsallake duk roƙon da ya yi mata. Haƙoranta na kaɗawa don sanyi, amma muryarta ras.

"Ɗana, na ji an ce ban damu ba. A tsallaken nan na haife ka, cikin damina irin wannan, ba ungozoma, don ruwa ya hana ta zuwa. Ci gaba da zancen fitilarka, ina ji."

Kunya ta rufe Vuthy. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓa mata, ya koma mazauninsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Masu son gada."

Hannuwa suka tashi, jiƙaƙƙu da busassu. Ming Sophal ta ɗaga nata duka biyun. Magatakarda ya ce hannu ɗaya ake ƙirgawa kowane mutum.

"Na sani," ta ce. "Ƙirga ɗaya. Ɗayan na mijina ne, bara ya so zuwa."