Garkuwar Salansa

Timoti ya rantse ko babur ɗinsa zai ruɓe, ba zai sake kai shi wurin Muntasir bakanike ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu a Sintali, amma tun daminar bara ba sa ga-maciji. Ranar da babur ɗin ya sha ruwa a rafin hanyar gona, can bayan Sunkani, aka ɗoro shi a a-kori-kura, Muntasir ya dube shi a gaban mutane ya ce, "Wannan ai tsohuwar akuya ce mai mura." Kowa ya yi dariya ban da Timoti.

Bana sai ya mai da rumfar bayan ɗakinsa gareji. Ya aro injin walda, ya ƙara shokazoba biyu masu kaurin sifirin a kan na asali, don baya ya daina durƙushewa in an yi lodi. Salansa kuma ya yanke ta, ya zare hanjinta, ya lanƙwaso ta sama kusa da kujera yadda ruwan rafi ba zai kai bakinta ba. A yi masa adalci, aikin ya yi kyau. Har ya yanko falankin ƙarfe zai rufe bututun saboda zafi, saura ya ɗaure noti huɗu.

Daidai nan Muntasir ya leƙo ta kan katanga.

"Baban Rejoice, tunda ka ɗaga ta, ka sa mata garkuwa. Ƙarfen nan wuta ne."

Garkuwar na hannun Timoti. In ya ɗaura ta yanzu, gobe duk Sintali za ta ji cewa Muntasir ne ya koya masa.

"Wa ya tambaye ka? Akuya ta warke, shi ne ciwonka!"

Ya yi wurgi da falankin cikin kwata. Muntasir ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya sauka.

Washegari za a kai irin doya gona. Buhu uku na kasuwa ne, amma akwai rabin buhu da matarsa Alisabatu ta fito da shi daga ɗakinta da kanta. Irin mahaifinta ne, marigayi, wata farar doya mai laushin sakwara da ba a samu a kasuwa. Shekara tara tana ware shi, ko yunwa ake ba ta bari a taɓa.

"Wannan kar ka sa a sama, zai faɗi," in ji ta. "Ka ɗaure shi da kyau."

Ya ɗaure shi tamau a gefen dama, ya danne da sauran. Sabbin sifirin ko gezau. Ya buga kik, kajin unguwa suka watse, ya tsaya ƙofar Muntasir ya murza mai sau uku don neman magana, sannan ya ɗauki hanya.

A hanya mutane suna ta ɗaga masa hannu suna ihu. Ina zai ji, kunnensa ya cika da rugugin salansarsa? Ya ɗauka yabo ne, har yana mayar musu da gaisuwa. Ya ratsa rafin nan ba ko tari, ya yi dariya shi kaɗai. Sai da ya kashe injin a bakin gona ƙamshi ya buge shi. Ƙamshin gasasshiyar doya.

Buhun algararar irin Alisabatu ya ƙone ta ciki. Waɗanda suka jingina da bututun sun yi baƙi, sauran sun dahu lugub, tsiron da ke kansu ya yanƙwane. Ya zazzage su ƙasa yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya bai tsira ba.

Alisabatu ta iso da rana a motar kasuwa, da fartanyarta da ƙullin abincinsu. Ta dubi kunyoyin da ta tanada wa irin babanta, ta dubi tulin da ke ƙasa. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Malam Muntasir bai ce ka rufe shi ba? Ina cikin kicin, na ji."



Ta tsuguna ta kwance ƙullin, ta ɗauko 'yar kwalbar manja da yaji. Ta ɓare doya ɗaya, ta zuba mata manjan, ta ajiye a gabansa.

"Ci," in ji ta. "Shekara tara ban bar yarana sun ci ba. Kai ka ci."