Ƙafafun Tully

"Ƙara sunkuyar da ita," in ji Raelene.

Yayanta Noel yana tsaye kan bokiti a cikin tirelar doki, yana ɗaura kyamara a jikin ƙarfen rufi. Ita kuma tana zaune a akori-kura, ƙofa a buɗe, tana duban ɗan allon da ya liƙa mata kusa da sitiyari.

"Na sunkuyar fa. Me kike gani?"

"Inda kan dokin zai kasance."

"To ba shi ke nan ba? Kowa kan dokinsa yake kallo."

"Ƙasa nake so, Yaya. Daɓen."

Noel ya sake miƙa hannu ga kyamarar. Can ta ji bokitin ya yi ƙara, hoton ya zame a hankali daga sandar da ke tare ƙirjin doki har ya tsaya kan katakon daɓe. Sabon katako ne. Shi da kansa ya shimfiɗa shi bara, amma ko sau ɗaya ba a ja tirelar ba tun lokacin.

Ya fito yana goge hannu a wando. Ya ce bai haɗa wayar da fitilar ribas ba kamar yadda ake yi, don in ya yi haka sai ana ja da baya kaɗai hoto zai zo. Kai tsaye ya kai ta batir. Ko mota na tafiya ko tana tsaye, allon ba zai mutu ba.

"Zai shanye miki batir, kada ki ce ban faɗa ba."

"Ya shanye."

Tafkin gonarsu ya ƙafe tun watan jiya, ciyawa ta zama toka. Goggo Beryl da ke kusa da garin Mudgee ta ce a kawo mata dokinsu Tully, tana da ruwa da makiyaya. In ba a kai shi yau ba, mai sayen dawakan yanka zai biyo da motarsa gobe, kuma Noel ya riga ya ce ba zai tsaya yana kallon doki na ramewa ba. Shi ba zai iya tuƙi ba, an karɓe masa lasisi na wata shida saboda gudu. Saura ita.

Tully ya shiga ba gardama. Raelene ta rufe ƙofar baya, ta zagaya tirelar sau biyu, ta shiga mota. A allon ga kofato huɗu. Ƙafar baya ta hagu fara ce har idon sawu, irin ta uwarsa.

Suka fita daga garin Coonamble da hantsi. Hanya miƙaƙƙa, gefenta gawar kangaru, dabbar dajin yankin, nan da can, hankaki a kai. Tana tafiya a hankali har manyan motoci na wuce su.

"A haka sai Kirsimeti mu isa," Noel ya ce. "Tsohuwa mai keke ma za ta wuce mu."

"Mai lasisi ya yi magana."

"Kai, yarinyar nan ba ki da kunya."

Ta ɗan yi murmushi, amma idonta bai daɗe a kan kwalta ba ya koma allon. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hoton ba shi da launi sosai, yana rawa in sun taka gargada. Wani lokaci, in rawar ta yi yawa, ƙafafun sukan rabu biyu, sai ta ga kamar takwas ne, farare biyu.

A wannan hanyar ce, shekara biyu da suka wuce, ta ɗauko Juno, uwar Tully. Ranar tana ta waƙa ita kaɗai. Wata mota da ke tahowa ta ƙyafta mata fitila. Kowa a yankin ya san ma'anar wannan: 'yan sanda na gaba, rage gudu. Ta rage, ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, godiyar da ake yi ke nan. Ta biyu ta ƙyafta, ta ɗaga yatsa. Ta uku har da hon. Ta ce a ranta, lallai yau mutane na da kirki. Sai da wani direban babbar mota ya sha gabanta ya tare hanya sannan ta tsaya. Ashe tsohon katakon daɓen tirelar ya ruɓe ya karye, ƙafafun Juno na baya sun zurma suna jan kwalta. Kilomita goma sha ɗaya, in ji waɗanda suka bi jan layin jinin daga baya. Direban ne ya ɗauko bindiga a motarsa ya ƙarasa ta. Duk tsawon hanyar Juno ba ta yi haniniya ba ko sau ɗaya, ko kuwa ta yi, waƙar ta rufe. Wannan ne Raelene ba ta sani ba har yau.

Sun wuce Gilgandra da kaɗan sai ga wata farar mota tana tahowa. Fitila ta ƙyafta sau biyu.

Raelene ta dubi allon. Huɗu, a tsaye, Tully ma yana sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan. Duk da haka ƙafarta ta riga ta taka birki. Ta gangara gefen hanya.

"'Yan sanda ne, Rae," Noel ya ce. "Ga allon nan, duba mana. Don me na sha wahala tun safe?"

Ta buɗe ƙofa. Ta fita, ta kwanta rigingine a kan tsakuwa mai zafi, ta ja jiki ƙarƙashin tirelar. Ta bi katakon ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. A bushe suke, da ƙarfi. Daga sama ta ji Tully ya buga kofato, bugun ya sauko cikin hannunta. Ta bar hannun a nan.

Takalman Noel suka bayyana kusa da taya. Ya tsuguna da ƙyar.

"Akwai wani abu?"

"Babu."

"In ba za ki iya ba, mu juya. Ba wanda zai ce miki komai."

"In mun juya, gobe fa?"

Ya kau da kai, yana korar ƙuda daga fuska.

Ta fito, ta karkaɗe bayan rigarta, ta leƙa ta ƙaramar taga. Tully ya hura mata iska a fuska, yana taunar harawa. Ta koma mota ta tayar.

Ba su yi kilomita uku ba sai ga motar 'yan sanda a laɓe bayan gada, ƙarƙashin bishiya.

"Ga mutanena nan," Noel ya ce, har da ɗaga musu hula. "Ban gaya miki ba?"

"Ka gaya mini."

Can gaba wata akori-kura ta ɓullo da gudu, kare a baya, kunnuwansa na kaɗawa. Noel ya zungure ta da gwiwar hannu.

"Yi masa fitila mana, bawan Allah zai faɗa hannunsu."

Yatsunta suka kai kan makunnin fitila. Suka tsaya. Motar ta matso, direban ya ɗaga yatsa ɗaya, ta wuce.

"Haba, Rae. Ai wannan rashin zumunci ne."

"Ranar da na yi wa mutum fitila," ta ce, "so nake ya tsaya."

Noel ya miƙa hannu ya goge ƙurar da ta hau allon da bakin rigarsa.

Saura kilomita ɗari da wani abu. Ta ƙara gudu kaɗan. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.