Silinda Biyu Su Huta

"Taka totur, Tela! A hankali mana, ba keken ɗinki ba ne!"

Na sassauta ƙafa. Ina zaune a kujerar direba, shi kuwa Injiniya ya cusa rabin jikinsa cikin injin tsohuwar motarsa, babu abin da nake hange sai ƙeyarsa mai furfura. Ba injiniya ba ne na takarda, tsohon makanike ne da ya rufe gareji, mu ne 'yan layi muka laƙaba masa sunan. Katanga ɗaya ce ta raba shagona da gidansa.

"Yanzu danna makunnin nan da na ɗaura kusa da sitiyari."

Na danna. Motar ta ɗauki ɓari kamar mai zazzaɓi, har madubi yana karkarwa. Injiniya ya ɗago yana dariya, dariyar ta koma tari, ya dafa motar sai da ya lafa.

Mama, matarsa, ta leƙo daga ƙofa. "Malam, likita cewa ya yi ka kwanta. Kai kuma Tela, ka bar ɗinkin mutane ka zo kana biye masa."

"Ai hutun nake koya wa mota," in ji shi.

Ya zauna a kan benci yana maida numfashi, ya yi mini bayani. Injin nasa silinda shida ne, wato ɗakuna shida da fetur ke ƙonewa a ciki. In mota ta hau miƙaƙƙen titi ba kaya, ba ta bukatar duka shidan. Sababbin motoci da kansu suke kashe wasu, su sake tayar da su in an zo tudu, direba bai ma sani ba. Shi ne yake son tasa ta yi haka.

"To me ya sa take rawa?" na tambaye shi.

"Na hana biyu mai, amma ban rufe musu baki ba. Sababbin har bawul, wato bakin shigar iska, suke rufewa. Nawa kuwa suna ta zuƙar iska suna furzarwa a banza, huɗun suna jan su." Ya girgiza kai. "Da ina da shekara guda nan gaba, da na san yadda zan yi da bawul ɗin."

Bai kalle ni ba da ya faɗi haka, ni ma na shiga gyara madubin da bai karkace ba. Duk layin mun san zuciyarsa ta kumbura. Ƙafafunsa sun daina shiga takalmi, silifa ɗin Mama yake sawa.

Ba don kansa yake wahalar ba. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta dawo gida da yara biyu bayan rasuwar mijinta, kuma da motar nan take kai 'ya'yan unguwa makaranta ta ɗauko su. Da wannan aikin take riƙe kanta. Amma motar shan mai gare ta kamar rami, har yayanta ya fara maganar a sayar. Injiniya ya san ranar da ya kau, ba mai tsaya wa motar.

Wata Asabar da hantsi muka fita gwaji. Auta ce a sitiyari, shi a gefenta da matashi a baya, ni a kujerar yara tsakanin ɓawon alewa da guntayen fensir. Da muka bar cunkoso muka hau babban titi, ya ɗaga hannu.

"Sa giyar ƙarshe. Riƙe ƙafarki wuri ɗaya. To, danna."

Ta danna. Muryar injin ta yi kauri, motar ta ɗan girgiza, sannan ta daidaita ta ci gaba da tafiya. Injiniya ya lumshe ido yana saurare, leɓunansa suna motsi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Baba, tana tafiya!" in ji Auta.

"Tana ɗingishi dai. Amma tana tafiya."

Da muka doshi tudun gada ta manta ba ta mayar da makunnin ba. Da muka fara hawa, motar ta shiga shaƙewa, babbar mota tana danna mana oda daga baya. Shi ya miƙa hannu ya danna makunnin, motar ta zabura.

"Kada ki yi wa tudu rowa," ya ce mata. "Sai ki karya injin a kan ɗigon mai."

Bayan kwanaki ya kasa fitowa. Aka sa masa kujera a bakin tagar ɗakinsa mai kallon titi. Kullum in Auta ta dawo sai ya tambaye ta, ita kuma ta ce, "Baba, allurar mai ko motsi ba ta yi." Ran nan ina wajen ta faɗa. Da ta fita ya kalle ni.

"Uwarta ta gado, ba su iya ƙarya ba. Man da makunnin yake ragewa bai taka kara ya karya ba, Tela. Na sani."

"To ai ko kaɗan ne, ragi ne."

"Ba ragin ba ne ma yanzu. Jiya na hango ta ta buɗe injin da kanta, tana bin wayar makunnin da yatsa har inda ta ƙare. Ban ce mata komai ba."

Ranar da ya rasu, da la'asar ne. Mama ta buga katanga ta kira ni, na zo na taimaka muka maida shi gado. Jikinsa ba nauyi, sai ƙafafun. Numfashinsa yana fita da ƙyar, hannunsa yana cikin na Mama. Can sai muka ji ƙarar motar ta shigo layi, ta tsaya tana sauke yaran maƙwabta. Ya buɗe ido.

"Fulogi ɗaya ya fara gajiya," ya ce. "A gaya mata."

"Ga ta nan zuwa, Malam, ka gaya mata da bakinka."

Auta ta shigo da makulli a hannu, ta durƙusa a gefen gadon. Ya dube ta ya daɗe, amma bai sake magana ba. Kafin rana ta faɗi ya cika. Ni na gaya mata saƙon, washegari, a tsakar gida. Ta gyaɗa kai kawai.

Da mutane suka watse, yayanta ya zo da wani dillali. Daga shago nake jin muryoyinsu. Yayan ya ce wa zai riƙa gyara wannan akwalar yanzu. Auta ta ce, "Yaya, ka bar ni da ita. In ta gagare ni, ni zan kira ka." Dillalin ya zaga motar, ya leƙa, ya tafi.

Da yamma sai ga ta a shagona da wani abu a naɗe. Rigar aikin Injiniya ce, shuɗiya mai haɗe da wando, an wanke ta amma tabon baƙin mai yana nan a gwiwoyi.

"Kawu Tela, ka rage mini ita."

Ta zura ta a kan kayanta, ta tsaya tsakiyar shagon ta buɗe hannuwa. Na ɗauko alli na sunkuya. Ƙafafun wandon sun taru a ƙasa, hannayen rigar sun wuce yatsunta suna lilo.