Bakan Barau

Kubura ta warware tabarmar a gaban rumfar Malam Sabo, ta zaro bakan ta ajiye masa a kan buzu. Tun da hantsi ta baro Sara a bayan akori-kura, da Hapsatu a goye, bayan ta ce wa mijinta Hambali asibitin Gwaram za ta kai yarinyar.

Malam Sabo, tsohon da ke sassaƙa baka a kasuwar Gwaram, ya juya iccen a hannunsa. Ya tsage daga mariƙi, kusan taƙi guda.

"Aikina ne, ga alamata," in ji shi. "Amma ai Barau na yi wa wannan."

"A wurinsa na saya, Baba, kafin ya tafi Kano. Ya ce ka lamunce masa shekara guda, in ya tsage ka ba da wani. Ko wata bakwai bai yi ba."

Akuyarta ta ƙarshe ta sayar ta saye shi domin Hambali. Farin bana ya bar musu rumbu wayam, kunun da take dama wa Hapsatu kullum ƙara tsinkewa yake. Sai ga kamfanin da ke shimfiɗa titi yana ɗaukar masu gadi a Birnin Kudu. Sharaɗinsu ɗaya: kowa ya zo da bakansa da kwarinsa. Gobe da safe akawu zai rubuta sunaye.

"Barau bai yi ƙarya ba," tsohon ya ce. "Sai dai ni mutum nake lamunce wa, ba icce ba. Na auna hannun Barau, na san jansa, na san inda yake jingine kayansa. Ranar da ya sayar, alkawarina ya bi shi Kano."

"Bakan dai shi ne, Baba. Bai canja ba."

Ya goga yatsa a jikin iccen, ya sansana.

"A ina kika ajiye shi?"

"Saman murhu. Inda nake rataye irin masara, don kada ƙwari su ci."

"Da tsarkiyar a ɗame?"

Ta sunkuyar da kai.

"Baka ba kilishi ba ne, 'yata. Ko Barau ne ya kawo mini shi da warin hayaƙi, sai ya koma da abinsa."

Hapsatu ta motsa a bayanta da ɗan kukan nan marar ƙarfi. Kubura ta jijjiga ta, ta durƙusa sosai.

"Kwana huɗu ina tattalinsa kamar jariri. Maigidana bai ma san ya tsage ba. Ka ba ni wani, ko mummuna ne."

Tsohon ya nuna mata bayan rumfar. Babu komai sai ɗanyun itatuwa a jingine.

"Masu gadin nan sun kwashe tun kasuwar da ta wuce. Waɗannan kuwa sai sun sha inuwa wata biyu. In na ba ki yau, gobe ya lanƙwashe kamar lauje."

Can gefe wani yana gwada rediyo, masu mangwaro suna ta kiran ciniki.

"Shi akawun," Malam Sabo ya ce a hankali, "yana sa su harbi ne?"

"Waɗanda aka ɗauka sun ce kallo kawai yake, ya rubuta suna."

Tsohon ya jawo ƙwarya, ya tsamo jiƙaƙƙiyar fatar akuya, ya yanka ta siri-siri. Ya shiga naɗe wurin da ya tsage, zagaye bayan zagaye, yana ja da haƙori. Ya naɗe ɗaya gefen ma don su yi daidai, ya shafa baƙin rini. Da ya gama, bakan ya fi ranar da ta saye shi kyau.

"Kafin gobe fatar ta bushe ta kama. Zai wuce idon akawu, zai wuce idon ɓarawo daga nesa. Amma duk ranar da aka ja shi har kunne, a fuskar mai ja zai fashe. Wannan ba lamuni ba ne, kin ji ko? Ban san shi ba, bai san ni ba."

"In wata biyun ta cika fa?"

"Ki turo mini mijin naki in auna hannunsa. Shi zan lamunce wa."

A mota ta rungume tabarmar tsakanin gwiwoyinta. Ta san Hambali. In ta faɗa masa yau, ba zai iya tsayawa gaban akawu da kayan ƙarya ba, gida zai zauna. In ta yi shiru, wata rana zai ga motsi a bayan buhunan siminti ya ja tsarkiya da dukkan ƙarfinsa.

Ta same shi a ƙofar gida yana wasa bakin kibau a kan dutse.

"Me likita ya ce?"

"Abinci ya ce a ƙara mata." Ta miƙa masa bakan. "Na biya an yi masa ado. Mai aikin ya ce kada a ja sai fatar ta bushe."

Ya shafa naɗin yana murmushi.

"Gobe zan bi ka Birnin Kudu," ta ce. "In akawu ya gama rubuta sunanka, kada ka wuce wurin aiki. Ka same ni a tasha, ina da magana."